Malam Alasan, Ban Samu Na Faɗa Maka Na Gyara Zanen Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, ina ofis a Paris, Hajiya Raliatou ta kira ni ta ce mijinta, Malam Alasan, ya cika da hantsi a wani asibitin Lyon, bayan ciwon zuciya na kwana huɗu. Ban ma san yana kwance ba. Wannan rashin sanin laifina ne, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Yaya Alasan, a 2006 na fara saninka. Ina ɗalibin injiniya, ina zaune a wani ƙaramin ɗaki a Bron, gefen birnin Lyon, saura mako uku in miƙa kundin bincikena. Shekara biyu ina lissafin yadda dogon ƙarfen gini yake lanƙwasa idan aka ɗora masa nauyi. Da na umarci manhajar lissafi ta fitar da zanen sakamakon, sai ta ba ni fili fari fat: ga layin tsaye, ga layin kwance, babu komai a tsakani. Kwana biyar ina sake lissafi. Har na fara tunanin yadda zan gaya wa mahaifina a Tawa cewa na dawo hannu biyu.

Bayan sallar Juma'a wani ya nuna mini kai, ya ce ga injiniyan Damagaram da ke aiki a nan tun da daɗewa. Ba ka san ni ba, amma washegari ka baro gidanka da ke Rillieux-la-Pape, can wani gefen Lyon, ka hau bas ka hau taram, jirgin ƙasa na cikin gari, ka zo har ɗakina. Ba ka taɓa lissafina ba. Cewa ka yi in nuna maka lamba mafi ƙanƙanta da mafi girma a sakamakon. Duk suna ƙasa da sifili, domin ƙarfen ƙasa yake lanƙwasa. Layin tsaye kuwa an kafe masa iyaka daga sifili zuwa goma tun a wani tsohon aiki da na kwafo. Ka goge iyakokin biyu, zanen ya bayyana. Ka ce mini, “Illo, aikinka lafiya lau yake. Wurin da ba ya nan kake dubawa.” Ka sha shayi, ka tafi.

Daga nan ɗaliban Nijar da na Cadi suka gano hanyar gidanka. Wani zanensa ya miƙe kamar sanda don ya haɗa mita da milimita, wata nata ya cure a kusurwa. Ba ka taɓa yi wa kowa dariya ba, kuma Hajiya ba ta bar kowa ya fita bai ci tuwo ba.

A watan Oktoban bara ne na ɓata tsakaninmu. Kamfanin da nake wa aiki yana lissafin wani benen ajiye motoci. A wuri guda zanen ya haura iyakar nauyin da ginshiƙi zai iya ɗauka. Shugabana ya ce kuskuren manhaja ne kawai, lokaci ya ƙure, in rage saman layin tsaye yadda tsinin ba zai fito a rahoto ba. Na kira ka ina neman ka ce ba komai. Ka tambaye ni ko na tabbatar kuskuren manhaja ne. Na ce ban tabbatar ba. Ka ce, “To kar ka yanke. Mutane za su shiga ƙarƙashin ginin nan da ’ya’yansu.” Na ce maka kai ba ka san Paris ba, ba ka san yadda ake riƙe aiki da takardar izinin zama ta baƙo a hannu ba. Sai ka ce Allah Ya yi mini jagora. Na yanke, na aika.

Kwana tara na yi ba na iya kallon na'urata. A na goma na mayar da iyakar layin tsaye yadda take, na buga zanen cikakke, na aika wa shugabana da ofishin da ke duba lissafin. Aka sake bincike, aka ga ba kuskuren manhaja ba ne, aka ƙara wa ginshiƙai biyu kauri. Ni kuma aka ɗauke ni daga aikin, har yau ƙananan lissafi ake ba ni.

Ban gaya maka ba. Kunyar maganar da na faɗa maka ta hana ni. Na ce sai na zo Lyon da kaina, na ɗaga zuwa hutun ƙarshen shekara, na sake ɗagawa zuwa azumi. Sau biyu ka kira ban ɗauka ba. Da na je gaisuwa, Hajiya ta ce kana yawan tambaya ko an ji labarina, amma ba ka taɓa gaya mata dalili ba. Na gaya mata komai a gaban ’ya’yanka. Ta ce ta san ka yafe. Na so a ce daga bakinka na ji.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda duk ɗalibin da ka share wa hawaye. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Raliatou, da ’ya’yanka Mardiya da Nazir, da ’yan uwa na Damagaram. Allah Ya ba su haƙuri, ni kuma Ya yafe mini jinkirina. Amin.