Zamanmu na Bayan La'asar

A gida ana ɗauka duk wanda ya sauka Saudiyya ya rabu da giya ke nan. Ni ma da wannan tunani na baro Damagaram. Na ce wa raina can babu ita, dole in bari. Amma ban daɗe a Riyad ba wani abokin ɗakinmu ya nuna mini wadda ake haɗawa a ɓoye, fara tas, a cikin robar ruwan sha. Na koma gidan jiya.

Direba nake a wani kamfanin gine-gine da ke aiki a Dir'iyya. Cikin waɗanda nake ɗauka akwai wani injiniya ɗan Sudan, dattijo marar yawan magana. Duk Juma'a bayan la'asar sai in kai shi wata istiraha a kudancin gari, irin gidajen nan da ake haya don taro, in jira shi a mota. Na zaci walima suke yi.

Wata Juma'a ina tuƙi, bakina cike da kanumfari don kashe warin giya. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Ya ahi, ɗan'uwana, kanumfari ba ya ɓoye komai. Na riga ka tauna shi."

Na tuna iƙamata, takardar zamana a ƙasar, na tuna kafil, ubangidan da ya tsaya mini, na hango kaina a filin jirgi an koro ni.

"Injiniya, don Allah ka rufa mini asiri," na ce.

"Ba wanda zan gaya wa. Wurin nan da kake kawo ni, dukanmu irinka ne. Muna haɗuwa ne don kada mu sha. In ka ga dama ka shigo."

Ban shiga ba. Na yi makonni ina zama a mota, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina. Sai dai kowane mako wani ɗan Pakistan zai fito ya miƙo mini shayi da dabino ta taga, ya koma ciki. Wata rana na gama sha, na rasa inda zan ajiye kofin. Na ce bari in mayar musu. Da na tura ƙofa, wani ya jawo mini kujera, ni kuma na ji kunyar juyawa.

Ba su da yawa. Akwai 'yan Masar, da Indiyawa, da ɗan Filifin, da 'yan ƙasa sanye da farar jallabiya. Ba a tambayar aikin kowa ko sunan mahaifinsa. Mutum zai yi magana, a saurare shi har ya gama, babu wa'azi, babu tsawa. Larabcina na titi ne, Turanci kuwa sai tsinta-tsinta, amma na gane ɗan Masar ɗin da ya ce yakan kashe waya in 'yarsa ta kira, don kada ta ji muryarsa. Abin da nake yi wa mahaifiyata ke nan.

Sai a zama na gaba na buɗe baki. Na fara da Larabci, ya ƙare mini a hanya. Injiniya ya ce, "Faɗa da yarenku." Na faɗa da Hausa, kaina a sunkuye, har da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, don na san ba mai ji.

Da na gama, wani tsoho ɗan ƙasa ya gyara zama ya ce, "Sannu, ɗana. Na ji duka."

Hausarsa ta karye, amma Hausa ce. Ashe kakarsa daga Katsina ta zo Makka, a hannunta ya girma. Na ji kamar in nutse. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce nasa labarin ya fi nawa muni, in zo mako mai zuwa in ji.

Tun daga nan nake ce masa Baba. Shi ya sa na canja ɗaki na rabu da mai robar nan. Shi nake kira in ƙishin ya taso, wani lokaci ba ma zancen giya, sai ya ce in koya masa kalmomin da ya manta.

Na zame a hutun babbar Sallah, kaɗaici ya yi mini yawa. Na yi niyyar ɓacewa. Baba ya kira ya ce, "Ka sha?"

"Na sha, Baba."

"To. Juma'a kai ne da shayi. Kada ka makara."

Na je. Ba wanda ya sauya mini fuska.

Injiniya ya gama kwangilarsa ya tafi, yanzu jirgin ƙasa na metiro nake shiga in ƙarasa da tasi. Kwanan baya wani ɗan Maraɗi mai aikin fenti ya fara zuwa, ni nake fassara masa abin da ake faɗa. Bai ba da nasa labarin a zama ba tukuna. Ranar Juma'ar da ta wuce dai ya tsaya ya taya ni kwashe kujeru, ya tambaye ni ko zai iya kirana a tsakiyar mako.