Don Heriberto Ya Yi Magana da Bakinsa

A unguwarmu ta gabashin birnin Cali, duk wanda aka ɗaura wa aure cikin shekara talatin ɗin nan, ko aka yi wa 'yarsa bikin cika shekara sha biyar, to Heriberto Lucumí ne ya ɗauki bidiyon. Dogo ne, baƙi, mai sanƙo, kullum da kyamara a kafaɗa da ɗan tawul a wuya. Ya san ta inda zai ɗauki uwar amarya tumbinta ya ɓace, ya san lokacin da kawun ango zai fara tangaɗi a kau da kyamara daga kansa. Abu ɗaya ne ya gagare shi, magana. Tun yana yaro yake i'ina, irin mai tsananin nan da kalma kan maƙale har jijiyar wuya ta miƙe. Shi ya sa sana'ar ta zauna masa daram, don ba a neman jawabi wurin mai kyamara. Da hannu yake ce wa mutane su matso, da gira yake sa su murmushi.

Yana da shekara hamsin da ɗaya ya shiga jami'a karatun fim. Matarsa Ofir ce ta tura shi, bayan ta gaji da tsakin da yake yi wa duk fim ɗin da aka saka a talabijin. Ya zauna aji ɗaya da yaran da shi ya ɗauki bidiyon baftismar wasunsu, suna ce masa Don Heri, suna aron hankalinsa ranar jarrabawa. Shekara uku yana ba su kashi a harkar haske da ɗauka da tacewa, har ya fara ganin jami'ar ma ba wata tsiya ba ce. Sai a shekarar ƙarshe ya faɗa hannun wata malama, Profe Yolima Arboleda.

Profe Yolima 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, ba ta ɗaga murya, ba ta kuma canja magana. Ranar farko ta gaya musu ƙa'idar darasinta: kowa zai yi fim na minti goma a kan rayuwar kansa, labarin gaske, kuma shi zai ba da labarin da muryarsa. Wanda fim ɗinsa bai shiga nunin ƙarshen zango ba, ya manta da digiri a bana. Yara suka hau murna, don ba abin da suke so irin zancen kansu. Ban da Heriberto.

Hotuna ba su ba shi wahala ba. Ya je garin Puerto Tejada ya ɗauko gidan da aka haife shi, da gonakin rake da hantsi, da kusurwar kasuwar da marigayiya mahaifiyarsa Doña Tránsito take zama tana sayar da chontaduro, dafaffun 'ya'yan wani irin dabino, da gishiri da zuma. Da aka zo kan murya sai ya yi abin da ya saba yi a kowane biki, ya nemo mai baki. Ya je wurin amininsa Fulgencio, sanƙiran biki wanda shinkafar auren da suka ci tare ta fi a ƙirga, ya miƙa masa takardar labarin. Fulgencio kuwa ba ya karanta abu yadda aka rubuta shi, sai ya zuba masa mai. Heriberto ya ɗora kiɗan salsa a ƙasa, ya sa taurari suna fashewa tsakanin hoto da hoto, kamar yadda iyayen amare ke so.

Da aka kunna a aji, muryar Fulgencio ta cika ɗakin tana shelar ga zakaran kyamara, ɗan Tránsito guda, wanda haske ke yi wa biyayya. Yara suka kwanta a kan tebura don dariya. Profe Yolima ma sai da ta cire tabarau ta share ido.

Ta ce, "Don Heri, in zan sake aure kai zan kira. Amma wannan mai maganar, wane ne shi?"

Da ƙyar ya fito da sunan Fulgencio.

"To ka ce masa ya zo ya karɓi makinsa. Kai kuma saura sati uku."

Ya ji kunya, amma mutum ne mai dabara. Kullum da rana, in Ofir ta fita, sai ya shige cikin kabad ɗin kayanta da makirufo, don tufafi na shanye amon ɗaki, ya yi ta fama da takardarsa yana gumi. Da ya gama ɗauka sai ya zauna gaban kwamfuta ya yi abin da ya fi kowa iyawa. Duk inda harshensa ya sarƙe ya datse, duk inda ya maimaita ya cire, ya haɗa bakin kalma da kalma ba a ganin ɗinki. Kwana huɗu ya yi a kai. Da ya kunna, sai ya ji kansa yana zuba zance tiryan-tiryan, karon farko a duniya. Daɗi ya kama shi har ya yi ƙwalla, ya sake kunnawa ya fi sau goma.

Ranar Lahadi Ofir tana feraye rogo da ɗanyar ayaba za ta ɗora farfesun sancocho, ya ajiye mata kwamfutar a kan tebur yana washe baki. Ta saurara har ƙarshe wuƙa na hannunta, sannan ta tambaye shi ko wannan karon ma wani ya ɗauko. Ya bugi ƙirji ya nuna kansa.

Ta ce, "Ba kai ba ne, tsoho. Wannan mutumin ko numfashi ba ya yi. Ka manta ranar da ka zo neman in yi rawa da kai? Waƙa ta fara kana tsaye, ta ƙare kana tsaye, ba ka gama tambayar ba. Sai ta biyu muka taka. Maza nawa suka zo min ranar da baki kamar rediyo, ko fuskar ɗaya ban riƙe ba." Ta jefa rogo a tukunya. "In wannan za ka nuna, ka je kai kaɗai. Ni ban san shi ba."

Kwana biyu yana fushi, yana cin abincinta yana kallon bango. Haushin da ya fi cinsa shi ne ya san gaskiya ta faɗa. Ya kuma san tataccen sautin nan mai santsi ya cika ƙa'ida, muryarsa ce ba ta wani ba, zai iya wucewa da ita salin-alin. Rana ta uku dai ya buɗe ainihin abin da ya ɗauka a kabad, ya maido da shi yadda yake. Nan take fim ya kumbura ya kai minti goma sha bakwai. Dole a rage bakwai, kuma yanzu ba daga bakinsa ba. Haka ya zauna yana zubar da hotunan da ya fi ji da su, har da na rana tana ɓullowa a kan rake, wanda ya yi sammakon kwana uku kafin ya samu. Ya cire taurari, ya cire salsar, ya bar 'yar kaɗan a farko don kada a ce ba ɗan Cali ba ne.

Profe Yolima ta kalla a ofishinta. Da ya ƙare ta ce masa kiɗan farkon ya yi ƙara, ya rage shi. Sannan ta jawo takardar jerin finafinan nunin ta rubuta sunansa. Digiri ya tabbata ke nan, amma yanzu saura mutane.

Ranar Juma'a da la'asar rabin unguwarmu ta cika zauren jami'a, an ci ado kamar za a ɗaurin aure. Fulgencio ya zo da farar kwat ɗinsa yana gaya wa kowa shi ya fara yi wa fim ɗin murya. Heriberto na zaune kusa da Ofir, ba kyamara a kafaɗa, ya rasa inda zai kai hannayensa.

Aka kashe fitilu. Muryarsa ta fito daga lasifika, da tuntuɓenta da komai. A tsakiyar fim, a kan hoton kusurwar kasuwar nan da babu kowa, ya zo faɗin sunan mahaifiyarsa, sunan ya maƙale. Ana jin numfashinsa, ana jin yana turawa. Duk tsawon rayuwarsa, in ya kai nan sai wani ya ƙarasa masa, wani don tausayi, wani don sauri. Amma ba a ƙarasa wa majigi magana. Mutum ɗari uku suka zauna suna jira, wasu sun turo wuya gaba kamar za su taya shi ɗaukar kaya. Da sunan ya fito, zauren ya ɓarke da tafi a tsakiyar fim kamar an ci ƙwallo, Ofir tana dariya hawaye na zuba a kan rigarta mai kyau.

Da aka kunna fitilu, Profe Yolima ta kira shi gaba ya amsa tambayoyi kamar kowane ɗalibi. Wata 'yar ajinsu ta tambaye shi fim ɗin da zai yi nan gaba. Ya karɓi makirufo, ya buɗe baki, kalmar farko ta maƙale kamar kullum. Babu wanda ya motsa, babu wanda ya ƙarasa masa. Heriberto ya gyara tsayuwa, ya ɗauki lokacinsa.