Ɗanwaken Asabar a gidan Hajiya Rabi

"Baba Tsoho, Inna ta tafi." Haka Ummi, babbar jikata, ta tare ni a zaure ina dawowa daga sallar La'asar, ko sallama ba ta yi ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ita ce Hajiya Rabi, matata tun ina saurayi mai ɗinkin hula a Ƙofar Ƙaura. Da na shiga ajin yamma da furfurata, ita ke ajiye mini tuwo da zafinsa, tana cewa ɗalibi ba ya karatu da yunwa.

Masu ta'aziyya sun faɗi haƙurinta da zumuncinta, kuma gaskiya suka faɗa. Ni abin da zan ƙara shi ne ɗanwaken Asabar. Duk Asabar da hantsi jikokinmu kan cika tsakar gida, ta raba musu aiki. Ummi ke kwaɓa gari da kuka. Ƙaninta Sadiƙu ke jefawa a tukunya. Rahila, ɗiyar maƙwabcinmu mutumin Filato, ita ke daka yaji, don Hajiya ba ta taɓa ware ta daga jikoki ba. In yaro ya ɓata kwaɓi, uwarsa ta taso da faɗa, sai ta ce, "Ƙyale shi, gari ne kawai, akwai wani a buhu." Ni ma ba ta bar ni ba. Da sassafe takan miƙo mini kwano ta ce, "Malam, jiƙa mana kanwa."

Na taɓa ce mata ta koya wa Ummi duka, a huta da hayaniya. Ta dube ni ta ce, "In ɗaya ta iya duka, sauran mi zai kawo su?"

Bayan an share makoki gidan ya yi mini girma. 'Ya'yana suna aiko abinci a kula, mai acaɓa ya miƙo daga ƙofa ya juya. Ina ci ni kaɗai, ina kallon murhunta da turmin da aka kife. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ba wanda ya leƙo. Iyayen sun ce kar yara su dame ni. Na fara jin tsoron cewa don ita kaɗai suke zuwa.

Asabar ɗin da ta gabata ina kishingiɗe na ji ana buga ƙyaure. Sadiƙu ne a gaba, yana cewa, "Tsoho, tashi, ko sai an ɗaga ka?" Ummi ta hura wuta, Rahila ta tayar da turmi. Can sai na ji shiru. Na leƙa na tarar sun tsaya a kan kwaɓi, Ummi na share ido da gefen mayafi.

"Ba mu san yawan kanwar ba," in ji ta. "Inna ke zubawa."

Rahila ta ce, "Ai Baba ke jiƙa mata."

Na ɗauko kwanon, na gutsuro kanwa kamar kan babban yatsana, yadda na saba. Ashe ni ma ta ba ni nawa rabon, ban sani ba.

Ɗanwaken ya yi. Na Sadiƙu manya-manya kamar ƙwan zabo, muka yi ta yi masa tsiya. Tun rasuwarta ban yi dariya ba sai ranar. Da suka tafi na sake zama ni kaɗai, amma Ummi ta bar mini kwanon a bakin ƙofa.

Allah Ya jiƙan Hajiya Rabi, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya raya waɗannan yara, Ya ba mu haƙurin rashinta. Duk wanda ya taɓa cin ɗanwakenta, ya zo ranar Asabar da hantsi ya gani da idonsa. Zan jiƙa kanwa tun da sassafe.