Ranar da Aka Tsayar da Ni a Ƙofar Bikin Jikata

Shekarar da ruwan sama ya rushe katangar bayan gidanmu a Ƙofar Na'isa, damina biyu bayan rasuwar malam maigidana, aka aurar da jikata. Ni na yaye ta, a bayana ta yi wayo. Mijin ma'aikacin kwamfuta ne, ɗan Gwale, ga ladabi kamar gaske.

Ba a gida aka yi taron ba, wai ɗakin taro aka kama haya, mai ƙofar ƙarfe da masu gadi. Muka tafi mu uku, ni da ƙanwar malam da aminiyata mai sayar da turaren wuta. Wani ƙato cikinsu ya tare mu, wai sai mai katin gayyata. Na ce ni ce kakar amarya. Ya ce, "Hajiya, ban san ki ba, kuma ba a kawo mini sunayen dangi ba tukuna." Muna tsaye a rana, 'yan matan da ban san iyayensu ba suna ta wucewa. Na gyara mayafina, muka juyo gida.

Da biki ya watse angon ya zo ban haƙuri, ya durƙusa. Maimakon ya yi shiru, sai ya kawo mini misali da aikinsa. Wai in an kunna na'ura, kayan cikinta bi da bi suke farkawa. Akwai mai tantance sa hannu, akwai ma'ajiyar takardun shaida da yake dubawa. In mai tantancewar ya riga ma'ajiyar tashi, ko 'yan gida ne suka zo korarsu zai yi, don ba shi da abin gwadawa. Wai gyaran wannan jeri ne abincinsa.

Na ce, "Au, ashe ka sani. Ƙarfe ka iya tsara wa wanda zai riga wani tashi, a kaina ne ilimin ya ƙare? Mu a zamaninmu tsohuwar da ta san fuskoki ake fara zaunarwa a soro, sannan a buɗe ƙofa."

Ya ce, "Hajiya, ki yafe, ki zo ki ga ɗakinta."

Na ce na yafe, don Allah na son mai yafiya. Zuwa kuwa, har yau ƙafata ba ta taka gidan ba. Jikar tawa ke zuwa, da goyonta.

Mai turaren ta rasu bara. Saura ni da ƙanwar malam, ita ma ta ce in ban je ba, ba ta zuwa.