Ranar Da Na Hura Gawayi a Falo

Duk shekara idan sanyi ya shigo, sai an sami wani a ƙofar masallaci bayan Juma'a ya soke hannu cikin aljihun kwat ya ce, "Kai, ina ma sanyin gida!" Saura su ce wallahi kuwa. Wai sanyin gida yana sa barci, wai shayi ya fi daɗi a lokacin. Ni ba na tanka musu, don in na buɗe baki ba za a rabu lafiya ba. Yawancinsu 'ya'yan ma'aikata ne, sanyin da suka sani shi ne na cikin bargo. Ni ɗan mai noman albasa ne, nawa sanyin a cikin ruwa na san shi.

Da an sallame sallar asuba Babanmu zai kora mu fadama, ba takalmi, ba rigar kirki. In tsaya a cikin rami ruwa har gwiwa ina ɗebowa da bokiti ina miƙa wa, har rana ta fito. Dugadugaina su tsage, faso ya buɗe baki, in na taka ƙasa sai jini. Ina aji uku a sakandare aka cire ni saboda albasar nan. Ɗakin da muke kwana kuwa ba shi da ƙyaure, asabari ne kawai, tsakanin bango da jinka akwai tazarar da kyanwa ke shiga ta fita. Iska ta ko'ina. Na tsani lokacin ɗari tun ina yaro, kuma na rantse duk ranar da na sami hali sai na toshe kowace kafa a ɗakin mahaifiyata. Na kuwa cika. Da na fara aiki a sito a nan Greensboro ta Amurka, abu na farko da na yi shi ne na sa aka rushe ɗakin Inna aka yi mata na siminti, da silin, da ƙofar ƙarfe, da tagar gilashi mai rufuwa gam.

To amma ga abin haushin. Duk da tsanar nan, in sanyin ƙasar nan ya kama ni a bakin motar ɗaga kaya, ba fadamar nake tunawa ba. Dawowa nake tunawa. Mu shigo muna karkarwa mu tarar Inna ta cika kasko da garwashi a tsakar ɗaki, ta binne dankali a cikin toka. Ta ɗora ƙafata a cinyarta, ta narkar da man kaɗanya tana ɗiga min cikin fason, ina ihu tana cewa in rufe mata baki. Wannan awa ɗaya ita ke hana ni sakat a ƙasar mutane. Ina zagin abu ina kuma kewarsa, ka ji wahalar banza.

'Ya ɗaya Allah ya ba ni, a nan aka haife ta. Sunan Inna ta ci, shi ya sa ba na kama sunanta, sai dai in ce Uwata. Lokacin da abin nan ya faru shekarunta goma sha biyar, kuma ba ta taɓa taka gida ba. Inna kuwa ta tsufa, idanunta sun fara tafiya. Duk wayar da muka yi maganarta ɗaya ce: "Yaushe za ka kawo min takwarata in shafa fuskarta?" Abin da nake so a duniya ke nan, su haɗu kafin ƙasa ta rufe idon tsohuwar nan. Yarinya ta ƙi. Ko hoton fasfo ta ƙi yarda a kai ta a ɗauka.

Laifina ne, ba sai an gaya min ba. Ta rage abinci, in ba ta labarin fadama. Ta ce ruwan wanka bai yi zafi ba, in cire safa in nuna mata tabon faso. Gida ya zama bulalar da nake dukanta da ita. Wata rana ta dube ni ta ce da Turanci, in dai wurin haka yake, me ya sa nake so ta je? Sai na daka mata tsawa.

Sai ga shekarar da aka yi ruwan ƙanƙara. Ba irin farin nan mai laushi ba, ruwa ne yake sauka ya daskare a kan duk abin da ya taɓa. Rassan bishiyoyi suka yi ta karyewa suna faɗawa kan wayoyi, wuta ta ɗauke a unguwarmu ta East Greensboro. Hitar ɗumama ɗaki ta mutu, murhun girki ya mutu, don duk na lantarki ne. Ƙasar da ake cewa ba a ɗauke wuta! Na san masu manyan gidaje a Irving Park janaretocinsu na ta ruri, mu kuwa muka kwana cikin kwat da hula. Washegari da hantsi na fito falo na tarar da Uwata a ƙudundune a kan kujera, leɓenta ya canza launi, haƙoranta na haɗuwa. Uwarta na gefe tana hura hannu.

Ina da kurfoti na waya da maƙwabcina, wani Alhaji mutumin Nijar, ya ba ni don dafa shayi a bayan gida. Ina kuma da ragowar buhun gawayi na gashin naman layya. Na fita na hura shi a waje, na fifita har hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja. Haka Inna take yi, ba a shiga da wuta ɗaki sai hayaƙinta ya mutu. Ni a sanina hayaƙi ne kaɗai abin tsoro. Na ɗora shi a kan tire na ajiye a tsakiyar falo, na rufe ƙofofi, har na tura tawul a ƙasan ƙofar waje don kada ɗumi ya gudu.

Matata ta ce, "Malam, anya ana yin haka a nan?"

Na ce, "Wutar nan ta san Amurka ne? A haka aka raine ni, ga ni ban mutu ba."

Uwata ta ɗaga kai ta dubi ƙararrawar gargaɗin hayaƙi da gurɓatacciyar iska da ke maƙale a silin, ta ga ba ta yi kuka ba, sai hankalinta ya kwanta. Ba ta san na cire batirinta tun bara ba, don duk ranar da uwarta ta soya attaruhu sai abin ya cika mana kunne.

Na ɗauko dankali huɗu a kicin na jera a gefen garwashi. Ɗumi ya fara zagaya falon. Yarinyar nan ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta miƙa tafin hannunta kan wuta, ba wanda ya koya mata. Da dankalin ya gasu na ɓare mata, tana ci tana hura yatsu. Sai na ji ta ce, da Hausarta mai karyayyen harshe, "Baba, Inna haka tana yi?"

Da Hausa fa! Yarinyar da in na yi mata magana da Hausa sai ta mayar min da Turanci. Na ba ta labarin kaskon, da man kaɗanya, da yadda Inna ke ɓoye min dankali mafi girma a ƙarƙashin toka don kada yayyena su gani. Ta yi dariya. Ta tambaye ni ko Inna na da faɗa. Na ce ai faɗanki nata ne kika ɗauko. Tunda aka haife ta ban taɓa jin daɗin zama da ita kamar na awar nan ba. A raina na ce shi ke nan, na samo kanta, gobe sai gidan hoto.

Matata ce ta fara cewa kanta na sarawa. Na ce yunwa ce. Ta tashi za ta shiga banɗaki, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta durƙushe ta fara amai a kan kafet. Ni ma na ji falon yana juyawa, amma taurin kai ya sa na ce sanyin jiya ne yake fita daga jikinmu. Uwata ce ta hau kujera tana layi ta ɓalle murfin ƙararrawar. Ta ga ramin batir wayam. Kallon da ta yi min daga kan kujerar nan, har in mutu ba zan manta ba.

Ta diro daga kan kujerar. Ta fizge tawul ɗin, ta wangale ƙofa, ta ja uwarta har waje kan ƙanƙara, ta kira 'yan kwana-kwana. Ni da rarrafe na fito.

Alhaji maƙwabcina ya fito da bargo a kafaɗa yana taka ƙanƙara a hankali. Da ya leƙa ya hango kurfotinsa a tsakiyar falo sai ya riƙe baki.

"Bon, Malam, shayi na ba ka abin nan ka dafa, ko iyalinka? Har da su pompiye masu kashe gobara ka tara mana?"

Na ce, "Alhaji, ka ƙyale ni da abin da ya dame ni."

Ya ce, "Wallahi ni ma jiya na yi niyya, Hajiya ce ta ɓoye ashana."

Wani ɗan kwana-kwana, yaron da a haife na haife shi, ya shiga da wata na'ura ya fito yana girgiza kai. Ya tsaya yana yi min bayani dalla-dalla kamar yana magana da wawa, cewa garwashi ko ba hayaƙi yana fitar da wata iska marar wari mai kashe mutum yana zaune. Shekara hamsin ina jin ɗumi, sai a titi a gaban maƙwabta za a koya min wuta. Na ji kamar in shaƙe shi, amma gaskiya yake faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

A asibiti aka jera mu uku, kowa da robar iska a fuska. Da la'asar matata ta sami barci, likita ya ce za ta warware. Uwata na gadon da ke kusa da nawa, ta juya min baya tun da muka zo. Na riga na sallama. Na ce yanzu kam ko sunan gida na ambata za ta ce wurin da ake kashe mutane da wuta ne.

Can sai ta janye robar ta ce da Turanci, ba tare da ta juyo ba, "Me ya sa ku bai kashe ku ba?"

Na buɗe baki in ce Allah ne ya kiyaye, sai ɗakin ya faɗo min a rai. Asabari. Tazarar da kyanwa ke bi. Iskar nan da na kwana ina zagi shekara da shekaru, ashe ita ke fitar da gubar. Na gaya mata haka.

Ta juyo. Ta ce, "Sabon ɗakin da ka gina wa Inna, wanda kake nuna mana hotonsa. Yana da kafa?"

Wallahi sanyin da ya ratsa ni a lokacin ya fi na fadama. Nan take na kira gida, can an yi isha'i. Ƙanwata ta kai wa Inna waya. Na tambaye ta ko tana shiga da kasko ɗaki.

Ta ce, "To da me zan shiga, da kai? Kai da ka gudu daga ɗari ka tafi inda ruwa ke zama dutse."

"Inna, kina rufe taga?"

"Ba don a rufe ka sa ta ba?"

"Kanki yana ciwo da safe?"

"Duk ɗari sai ya yi. Tsufa ne."

Na ce don Allah ta daina, ko ta riƙa buɗe taga. Ta ce ita ba mahaukaciya ba ce da za ta hura wuta ta buɗe wa iska hanya, kuma tun kafin a haife ni take jin ɗumi. Maganar da na gaya wa matata da safe, ita ce ta dawo min daga bakin mahaifiyata. Na fara ɗaga murya, ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Sai Uwata ta miƙo hannu ta karɓe wayar.

"Inna, ni ne. Takwara. Buɗe taga. Wuta ya kusa kashe ni yau. Baba ya yi."

Ta tona min asiri da Hausar da ko jinsi ba ta iya ba. Sai na jiyo salatin Inna, na kuma jiyo tana kiran ƙanwata ta zo ta buɗe tagar nan maza. Sai ta ce a ba ta ni. Zagin da na sha a ranar, tun ina ɗan shekara goma rabona da irinsa.

Ba a dawo da wuta ba sai bayan kwana biyu, a gidan Alhaji muka fake, don shi ya samo aron janareto. Ranar da muka koma, Uwata ta sa batir a ƙararrawa da hannunta, ta gargaɗe ni kamar ita ta haife ni. Bayan mako guda ta sa uwarta ta kai ta kanti, ta dawo da wata sabuwa a kwali ta dangwarar min a kan tebur.

Na ce, "Wannan fa? Ba ga ɗaya can ba?"

Ta ce ta ɗakin Inna ce. Na ce to, zan ba wa mai tafiya ya kai. Ta ce a'a, ba ta yarda da ni ba, ba ta yarda da wanda zan ba wa ba, kuma ta tabbata in abin ya yi kuka sau ɗaya Inna za ta cire batirin, tunda jini ɗaya ne. Ita za ta je ta maƙala da kanta, ta nuna mata.

Shekara goma sha biyar ina lallashi ina faɗa, sai da na kusa kashe su sannan ta yarda. Ban san wanda zan ji wa haushi ba, ni ko ƙasar nan ko tsohon ɗakinmu. Har yanzu in mutanen ƙofar masallaci suka fara waƙar sanyin gida, wucewa nake in shiga mota.

Ta tsaya a bakin ƙofa da kwat ɗinta ta ce, da Hausa, "Baba, tashi. Gidan hoto yana rufe ƙarfe biyar."