Ranar da Tasalla Ta Kira Sunan 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titin Dayi ya sayi ƙuli-ƙuli mai yaji, da wuya in ba na Tasalla ya ci ba. Gajeriyar mace ce mai kaurin damtse, irin damtsen da shekara da shekarun matsar tunkuza ke ba mutum. Mutanen unguwa sun ce man gyaɗarta ba algus, bakinta kuma ba linzami. Mijinta Malam Jibo, manomin masara da waken suya, ya daɗe da gano cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, saboda haka in ta fara, sai ya saɓi fartanya ya tuna akwai aiki a gona.

Tasalla ba ta yi boko ba, amma tana da wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. Ranar kasuwa takan kai ta wurin Shitu mai caji, ya zuba mata wa'azi da waƙoƙi. Wata rana ya haɗa mata da wani shirin murya da ake saukowa daga intanet, abin da 'yan boko ke kira fodkas. Mata biyu ne ke hira, ɗaya ungozomar asibiti, ɗaya mai tambaya. Ba abin da suka bari: ciki, haihuwa, tazarar haihuwa, da dalilin da zai sa matar birni ta ga likita don ciwon kai, ta ƙauye kuwa sai ta kai gargara. Da farko Tasalla ta ce waɗannan ba su da ta ido. Da kasuwa ta zagayo, ita ce ta tsaya kan Shitu sai ya ƙaro mata.

Muryar wayar ba ta fita sosai, don haka takan jefa ta cikin kwanon sha don sautin ya ƙaru, ta ajiye kusa da turmi. Tana matsar mai tana musu da su, wani lokaci ta ce sun yi gaskiya, wani lokaci ta ce su zo Dayi su faɗa a gaban mazan in sun isa. Ƙawayenta na cikin kwano take kiransu.

A bakinsu ta ji maganar da ta sa ta saki muciya. Ungozomar ta ce idan mai jego ta kumbura ƙafa, tana tari, numfashi na gagararta in ta kwanta, to a yi maza asibiti, don mai yiwuwa zuciya ce ta gaza, kuma kunun kanwa da zafin wuta ƙara mata nauyi suke. Tasalla ta mayar da wurin baya ta sake ji. Tana yarinya yayarta Shafa'atu ta haihu, ta kumbura kamar haka, tsofaffi suka ce sanyi ne ya shige ta. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. Wata safiya Tasalla ta kai mata kunu, ta tsaya bakin ƙofa tana kiran sunanta, ba a amsa ba. Tun daga ranar aka ce sanyi ya kashe Shafa'atu, ita ma haka take faɗa har ta yi furfura. Ranar nan ta yi kuka sosai, kukan baƙin ciki da haushi, ƙuli-ƙulin ma ya ƙone.

Da kakar masara ta zo, 'yarta ta fari, Adawiyya, ta dawo gida goyon ciki. Kowa ya san alkunyar ɗan fari. Tasalla mai bakin nan, a nan kam ta bi al'ada sau da ƙafa: ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, sai dai "ke" ko "'yar nan", kuma ko tana jaririya ba ta taɓa goya ta a gaban mutane ba. Yayar Malam Jibo, wadda kowa ke kira Gwaggo Ummukulsum, ita ta goya ta, ita ta yaye ta, ita ta kai ta ɗakin miji. Da Adawiyya ta sauka lafiya ta sami ɗiya mace, Gwaggo ce ta kama jego. Dangin mijin, Mannir, suka aiko da itace amalanke guda da kanwa, shi kuma ya koma Legas wurin aikinsa bayan suna. Aikin uwa a nan shi ne ta kau da kai, ta yi kamar ba ita ta haifa ba.

Tasalla ta kau da kai, amma kunnenta bai kau ba. Safe da yamma Gwaggo na tafasa ruwa a garwa, tana tsoma ganyen dalbejiya tana fyaɗa wa yarinyar, sannan a shiga da kaskon garwashi ɗaki, a biyo da kwaryar kunun kanwa. Bayan suna da 'yan kwanaki Tasalla ta fara jin tari ta bayan katanga. Sai ta ga takalman Adawiyya a bakin ƙofa sun yi ƙura, ita kuma tana fita bayan gida ba takalmi, ƙafar ta ƙi shiga. Da ta leƙa, ta tarar da ita zaune ta jingina da bango, wai in ta kwanta ji take kamar an ɗora mata buhu a ƙirji.

Ta sami Gwaggo a madafa, ta durƙusa kamar yadda ta saba, ta ce a dakata da wankan da kanwar, a kai yarinyar asibitin Malumfashi. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce sanyi ne, kuma maganin sanyi wuta, da shi aka yi wa uwayensu. Ta ce mai jego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in, balle ba izinin miji. Ta ƙara da cewa ita ba ta taɓa ganin uwar da ke sa baki a jegon 'yar fari ba, sai wadda 'yan matan cikin waya suka cinye wa kunya. Tana faɗa tana tura itace ƙarƙashin garwa.

Tasalla ta kira Mannir, wayarsa a kashe. Malam Jibo yana can gona mai nisa wurin karyar masara. Ta tsaya tsakar gida tana kallon tururin da ke tashi, ta tuna kwaryar kunun da ta riƙe a ƙofar Shafa'atu. Sai ta ɗauki bokitin ruwan sanyi ta sheƙa a murhun.

"Yaya, ki yi mani duk abin da za ki yi in na dawo," in ji ta. "An gasa mani yayata Shafa'atu ina kallo. Ba a gasa mani ɗiya."

Ta shiga ɗaki ta durƙusa, ta ɗora Adawiyya a bayanta, ta ɗaure ta da zane. Ranar kasuwa ce, rana tsaka, hanya cike. Haka ta ratsa masu tumatir da masu awon hatsi, goye da matar aure, 'yar da ba ta taɓa goyawa a gaban kowa ba. Mata suka riƙe baki, wani dattijo ya ce Allah ya sawwaƙe, ita ko kallo ba su ishe ta ba. A bakin titi ba ta tsaya ɗaga hannu ba, tsakiyar kwalta ta shiga, motar Malumfashi ta ci birki. Direban ya san ta, ya sa aka matsa. Ana shirin rufe ƙofa sai ga Gwaggo tana haki, jaririya a kafaɗa, tana faɗa tana shiga. Ita ma ɗiyarta ce, ba ta iya zama.

Sun yi nisa kaɗan sai kan Adawiyya ya langaɓe a kafaɗar uwar, idonta ya fara lumshewa. Gwaggo na salati. Tasalla ta ce "ke", shiru. Ta ce "'yar nan", shiru. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun tana yarinya. Ta tallabo fuskar da hannu biyu.

"Adawiyya. Adawiyya, ki amsa mani."

Yarinyar ta buɗe ido a hankali, ta dubi mai kiran kamar ba ta gane muryar ba. Can ta ce, "Na'am, Inna."

A asibiti aka karɓe ta, aka ce zuciyar ce, ruwa ya taru, kuma an zo a kan gaɓa. Ta yi kwanaki a kwance, aka sallamo ta da magani da sharaɗin ba kanwa, ba gashin wuta, kuma ta huta kafin wani cikin. Mannir da ya iso ya fara ƙorafin izini, surukarsa ta nuna masa gadon matarsa ta ce ya tambaye ta ko ta so a jira shi. Bai ƙara ba. Malam Jibo ya ce shi dai yana gona. Gwaggo ta yi wata ba ta amsa gaisuwar Tasalla, kuma har gobe akwai matan da ke cewa ta zubar da mutuncin gidan. Itacen jegon da ya rage, da shi ta soya ƙulin da ta raba sadaka ranar arba'in, kwanon nan na gefe yana ta magana, an ƙure masa murya don maƙwabta su ji.

Alkunyar kuwa ba ta koma ba. Adawiyya ta daɗe a gida kafin ta koma ɗakinta, kuma kowace safiya, tun kafin a ɗora gyaɗa, unguwa na jin Tasalla daga tsakar gida tana kiran sunan 'yar fari da ƙarfinta. Wata maƙwabciya ta taɓa tambayarta ko ba ta jin nauyi, tunda ba aiken yarinyar za ta yi ba. Tasalla ta ce ita ba aike take nema ba, ta taɓa kiran suna a bakin ƙofa aka yi mata shiru. Ta juya ta sake kira, ta tsaya da muciya a hannu, ba ta motsa ba sai da aka amsa daga ɗaki.