Fenti Bakwai a Bayan Baba Tela

Ranar Talatar nan Baba Tela ya tafi kasuwa da fenti kala bakwai a gadon bayansa, bai sani ba. Ni na sani. Ina zaune a rumfata ina facin tayar wani babur, a kan idona komai ya faru.

Da safe ya fito da ƙananan gwangwanaye bakwai, ya shafa wa get ɗin gidansa layi-layi na gwaji, daga sama zuwa ƙasa. Ya shiga ciki ya yi wanka, ya fito cikin farar rigarsa ta fita, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kanta. Sai wayarsa ta yi ƙara. Shi kuwa Baba ba ya iya amsa waya sai ya jingina. Ya jingina da get, ya daɗe yana "eh, eh, Laraba za ka samu," har da ɗan goga baya don ƙaiƙayi.

Da ya ɗago na buɗe baki zan gaya masa. Sai na tuna jiya-jiya ya ce rigata da wandona kamar ba su taɓa gaisawa ba. Na rufe bakina. Na ce, "A dawo lafiya, Baba."

A kasuwa, in ji waɗanda suka gani, mata uku suka bi shi suna tambayar inda ake sayar da yadin. Ya ɗauka gugar rigar ce ta burge su, ya ce musu, "Ai ba yadi ba ne, hannu ne." Bai gane ba sai da ya shiga tasi zai dawo, direba ya leƙo ya ce, "Dattijo, kujerata ka zo yi wa ado?"

To bari in gaya muku wane ne wannan bawan Allah.

Shekara arba'in Baba yana kan keken ɗinki. Tef ɗin awo ba ya barin wuyansa, na taɓa ganinsa da shi a layin asibiti. In kun haɗu, ba fuskarka yake fara kallo ba, wuyan rigarka yake kallo, daga nan yake yanke ko zai amsa gaisuwa da fara'a. Abin da ya yi suna a kai shi ne haɗa kala. Ka kawo masa yadi, ya shimfiɗa, ya runtse ido ɗaya, ya miƙa hannu cikin kwalin zare ba tare da ya duba ba, ya ciro wanda kamar tare aka haife su. Ya sha mayar wa mutum da yadinsa ya ce, "Wannan da fatarka faɗa za su yi, ni ba na raba faɗa." Kullum yana cika baki cewa a shekara arba'in ba a taɓa dawo masa da ɗinki saboda kala ba. Saboda jinkiri kam an dawo, har da sanda.

Duk shekarun nan a gidan haya yake. A hankali ya gina nasa, nan jikin nawa, taku huɗu ne tsakanin tagar ɗakina da katangarsa. Ya ce shi ba zai yi filasta a gaba ba, bulo gasasshe yake so, irin wanda ake barinsa tsirara. Aka kawo bulo, aka gina, gida ya fito ruwan lemo zur. In rana ta buga shi da hantsi sai ka ji kamar ka ɓare shi ka sha.

Saura get, da tagogi, da katakon bakin kwano. Su kaɗai za a yi wa fenti. Aikin yini ɗaya. Baba ya shekara biyu a kansa.

Matsalar ita ce idon Baba a kan yadi kawai yake aiki. In ka shafa fenti a ƙarfe ka nuna masa, sai ya tsaya yana ƙifta ido kamar an ba shi jarida mai ƙananan rubutu. Yakan kai hannu zai murza get ɗin tsakanin yatsu, ya ji bai lanƙwasu ba, ya yi tsaki. Don haka sai ya bi hanyar da ya sani: ya fara gwada wa gidan kaya.

Wallahi da idona na gani. Wata safiya na fito na tarar get sanye da shuɗin yadi, an kama shi da fil ta gefe. Washegari tagogi sun sha ruwan toka. Wata rana ya lulluɓe ƙofar da baƙi, har mutum biyu suka tsaya suna tambaya ko lafiya. Shi kuma yana tsallaken titi, hannu a ƙugu, ido ɗaya a runtse, yana cewa, "A'a. Ta yi masa nauyi a kafaɗa."

Na ce, "Baba, gida ne fa. Ina ya ga kafaɗa?"

Ya ce, "Kai da ba ka san bambancin kore da algashi ba, koma kan tayarka. Ita ai kala ɗaya gare ta, daidai kanka."

In ya samu yadin da ya yi masa, sai ya yanki ƙyalle ya kai shagon fenti, a haɗa masa irinsa. In an shafa a ƙarfe ya bushe, sai ya ce ba shi ba ne, an canja masa. Mai shagon ya kai in ya hango shi tafe da ƙyalle a hannu sai ya tuna yana da aiki a sito. Yadi ba fenti ba ne, fenti kuma ba ya hawa yadi. Nan Baba ya maƙale, get kuwa tsatsa ta fara ci.

Sai matarsa ta gaji. Mu duk layin Mama muke ce mata, kuma ba ta maimaita magana. Ƙanenta ya gama fentin shagon kitson matarsa, ya rage babban bokiti na ruwan hoda, ya kawo mata. Ta ajiye shi a tsakar gida, ta ɗora dutse a kan murfin. Ina jin su ta taga.

Ta ce, "Baban yara, na kira mai fenti, Asabar zai zo. In ka zaɓa, to. In ba ka zaɓa ba, ga nawa nan."

Ya ce, "Ruwan hoda? A jikin ruwan lemo? So kike a ce gidan tela ne wannan? Wa zai ƙara kawo mini yadi?"

Ta ce, "Ni dai ya yi mini kyau. Asabar."

Abin da ya kai shi sayen gwangwanaye bakwai ke nan ranar Talata, abin da kuma ya kai su bayansa ke nan.

Ya sauko daga tasi da rigar a naɗe a hammata, daga shi sai singileti da hula. Ya tsaya a gaban rumfata.

"Mai faci, ka ga bayana da zan fita?"

Na ce, "Na gani, Baba."

"Ka yi shiru?"

"To ni da ban san kala ba? Na ɗauka sabon yayi ne."

Ya kalli tagar ɗakina, ya kalle ni, ya shige.

Laraba bai fito ba. Alhamis ya fito ya zauna a gaban get yana kallon layukan nan bakwai, kamar mai jiran su yi magana. Na leƙa na ce masa ko in kawo masa tsohuwar taya ya gwada. Ko kallona bai yi ba, har na ɗan ji tausayinsa, kaɗan dai.

Ran Juma'a Mama ta haƙura da wankin rigar. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta sa kananzir, fenti ya ce yana nan. Ta fito da ita ta rataya a ƙusa jikin bangon gaba don ta bushe, tana cewa ko tsumma a yi da ita. Baba yana dawowa daga shago ya hango ta. Ya tsaya cak a tsakiyar titi, har mai kurar ruwa ya kusa kwashe shi.

Fenti ne, ga shi a kan yadi, ga yadin a jikin bulo. Ya matso a hankali. Ya kama bayan rigar ya murza tsakanin yatsu. Ya ninke layi biyar ya ɓoye su, ya bar biyu: kore mai duhu, irin na tsohon ganyen mangwaro, da ruwan madara a gefensa. Ya kara su a jikin bulon, ya ja baya, ya runtse ido ɗaya.

Ya ƙwala kira, "Maman yara! Zo ki ga! Sun gaisa!"

Mama ta fito ta duba. Ta ce ba laifi. Sai dai bokitin ƙanenta fa ba zai zauna ya daskare ba, kyauta ce, sai an shafa shi a wani wuri. Baba ya ce ta bar masa wannan, ya san inda zai dace.

Asabar mai fenti ya zo. Get da tagogi suka sha kore, bakin kwano ya sha ruwan madara. Gaskiya ɗaya ce, gidan ya fito. Masu wucewa har rage gudu suke yi. Ni ina gaba ina ta sa musu baki, ban lura da abin da ake yi ta lungu ba.

Lahadi da safe na buɗe tagar ɗakina, sai da na ja baya. Katangar nan ta gefe, wadda ita kaɗai aka yi wa filasta, ta koma ruwan hoda daga sama har ƙasa, shafa biyu. Hasken ya cika mini ɗaki, har fuskar matata ta koma kamar alewa.

Na fita ko takalmi ban sa ba. Baba na zaune a gaban sabon get ɗinsa, tef a wuya, bai jingina ba.

Na ce, "Haba Baba! Ruwan hoda? Kai da bakinka ka ce ba ya tafiya da gidanka!"

Ya kalli rigata, ya kalli wandona, ya runtse ido ɗaya.

"Wa ya ce da gidana na haɗa shi? Ni ta nan nake shiga, ba na ganinsa. Da mai kallonsa na haɗa. Kuma ai kai ba ka san kala ba, ka ɗauka sabon yayi ne."